Keke Mai Naɗewa: Abin Da Dogon Mutum Zai Auna Kafin Ya Biya Kuɗi

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin zirga-zirga ya shiga sahun manyan abubuwan da ke cinye ribar ƙananan 'yan kasuwa da albashin ma'aikata. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta koma wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kana a shekarar 2024 ta haura Naira 1,000 a garuruwa da dama. A Legas kuwa, gwamnati ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, sa'an nan jirgin ƙasa na cikin gari ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Marina da Mile 2 a watan Satumba na 2023. Waɗannan sauye-sauye sun bar wa mai fita neman abinci tambaya guda: da me zai cike ɗan nisan da ke tsakanin gida da tasha, ko tsakanin tasha da shago?

Ɗaya daga cikin amsoshin da manyan biranen duniya suka daɗe da samu shi ne keke mai naɗewa, wanda ake ninke shi a sa a bayan mota, ko a ajiye a ƙarƙashin tebur a ofis, inda ɓarawo ba zai kai gare shi ba. Andrew Ritchie ya zana keken Brompton a birnin Landan a 1975, shi kuma David Hon ya kafa kamfanin Dahon a Amurka a 1982. Ƙaramin keken Brompton idan an naɗe shi bai wuce santimita 59 a tsawo, 57 a tsaye da 27 a faɗi ba, wato kamar akwatin tafiya. Sai dai wannan ƙanƙanta da ake yabo ita ce kuma ke jefa dogon mutum cikin matsala.

Dalili kuwa shi ne, akasarin kekuna masu naɗewa girma ɗaya ake ƙera su. A zamanin da keken Rale ke tashe a ƙasar nan, mai saye yana da zaɓi tsakanin firam mai inci 22 da mai inci 24, dogon mutum ya ɗauki babban ya kama gabansa. A keke mai naɗewa kuwa firam ɗin gajere ne kuma ƙasa-ƙasa, domin ya naɗu da kyau, sai a bar wa dogon ƙarfen sirdi da dogon wuyan kan keke aikin daidaita shi da jikin mahayi. Kamfanonin Dahon da Tern sukan rubuta cewa yawancin kekunansu masu taya inci 20 sun dace da mutum daga santimita 142 zuwa wajen 190. Wanda ke kusa da wannan iyaka ta sama, ko ya zarce ta, ba ya da sauran sarari, don haka wajibi ne ya yi awo kafin ciniki.

Abin da za a auna ba tsawon mutum daga kai zuwa ƙasa ba ne kawai, domin mutum biyu kan zo daidai a tsawo amma ƙafar ɗaya ta fi ta ɗaya. Awon da ya fi muhimmanci shi ne tsawon ƙafa ta ciki. Mutum zai cire takalmi ya jingina da bango, ya sa littafi mai kauri tsakanin cinyoyinsa ya ɗaga shi sama kamar yana zaune a kan sirdi, sai wani ya auna daga ƙasa zuwa saman littafin. Akwai lissafin da masu bincike a Ingila suka fitar a 1967, wanda har yanzu ake amfani da shi a matsayin mafari: a ninka wannan awo da 1.09, abin da ya fito shi ne nisan da ya kamata a samu daga saman sirdi zuwa feda lokacin da take can ƙasa. Ke nan mai ƙafa santimita 90 yana bukatar wajen santimita 98. Idan babu abin awo a kusa, mutum ya hau ya ɗora diddigensa a kan feda tana ƙasa; in ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba, sirdin ya yi daidai.

Sirdin da ya yi ƙasa yana sa gwiwa ta lanƙwashe fiye da kima a kowane tuƙi, ƙarfi ya tafi a banza, kuma a kwana a tashi ciwo ya kama gaban gwiwa. Wannan ne ke sa dogayen mutane su ja ƙarfen sirdi sama har ƙarshensa, kuma a nan ne babban haɗarin yake. A jikin kowane ƙarfen sirdi na kirki akwai layin da masu ƙera shi suka zana, wanda dole ne ya kasance a cikin firam. Da zarar layin ya leƙo waje, ɗan guntun da ya rage a ciki shi ke ɗaukar nauyin mutum baki ɗaya, kuma da yake ƙarfen dogo ne, kowane rami da aka faɗa yana ɓanɓarar bakin firam ɗin kamar yadda ake ɓanɓare ƙusa. Ƙarshen abin shi ne ƙarfen ya lanƙwashe ko firam ya tsage, wani lokaci ana tsakiyar tafiya. Haka nan kai ƙarfen wurin mai walda a ƙara masa tsawo ba mafita ba ce, musamman idan na alminiyam ne, domin zafin wuta yana rage masa ƙarfi a daidai inda ake bukatarsa.

Mafita ita ce ƙarfen sirdin da aka ƙera domin dogaye. Kamfanin Brompton, alal misali, yana da iri uku: na yau da kullum ga mai ƙafa har santimita 84, da wanda ya fi shi da santimita 6 ga mai ƙafa har wajen 89, sai kuma mai hawa biyu, wanda ɗaya ke shiga cikin ɗaya, ga wanda ya zarce haka. Amma ya kamata mai saye ya san cewa kaurin waɗannan ƙarafa ya bambanta. Na Brompton milimita 31.8 ne, na yawancin kekunan Dahon da Tern kuwa 33.9, saboda haka na wannan ba ya zama a wancan, kuma na keken gida na yau da kullum ya yi musu gajarta ƙwarai.

Awo na biyu shi ne nisan da ke tsakanin sirdi da kan keke. Dogon mutum yana da dogon baya da dogayen hannuwa, kuma idan wurin ya yi masa kaɗan sai ya takure, gwiwoyinsa su riƙa kusantar kan keken a wajen kwana. Bugu da ƙari, idan sirdi ya yi sama kan keke ya tsaya a ƙasa, nauyi yakan koma kan wuyan hannu da kafaɗa. Shi ya sa ake son keken da wuyansa ke ɗaguwa, ko wanda aka yi masa kai mai tudu tun daga masana'anta. Har wa yau, da yake ƙarfen sirdi a karkace yake zuwa baya, duk lokacin da aka ƙara masa tsawo nauyin mahayi yana ƙara komawa kan tayar baya, abin da kan sa gaban keken ya yi sakayau a wajen hawan tudu.

Na uku shi ne nauyi. Tsawo yakan zo da jiki, kuma keke mai naɗewa yana da gaɓoɓin da keken gida ba shi da su. Brompton ya ƙayyade kilo 110 ga ƙananan kekunansa, mahayi haɗe da kayansa, yayin da yawancin na Dahon da Tern suka tsaya a kilo 105. Ɗan kasuwan da nauyinsa ya kai kilo 98, in ya rataya jakar samfurin kaya, ya riga ya isa bakin iyaka.

Game da girman taya, mai inci 16 ya fi naɗuwa ƙarami, amma ya fi jin rami da yashi. Mai inci 20 shi ne tsaka-tsaki, kuma ya fi dacewa da irin titunan da kwalta ta farfashe. Wanda tsawonsa ya wuce santimita 190 kuwa, zai fi samun natsuwa da kekunan da ake yi girma-girma. Kamfanin Montague na Amurka yana ƙera masu naɗewa da cikakkiyar taya irin ta babban keke, Bike Friday da ke jihar Oregon tun 1992 yana yin keke daidai da awon mai saye, kana a 2024 Brompton ya fitar da samfurin G Line mai taya inci 20 a girma uku. Abin da aka samu a jin daɗin hawa, sai dai, ana biyansa da ƙarin nauyi da girma idan an naɗe.

Akwai kuma wani tarko da ya shafi kayan gyara. Tayoyin da ake kira inci 20 iri biyu ne, masu lamba 406 da masu lamba 451, haka masu inci 16 akwai 305 da 349, kuma ɗaya ba ya shiga wilin ɗaya. Lambar tana rubuce a gefen taya. Mai lamba 406 ita ce irin ta kekunan yara da yawa, don haka ta fi sauƙin samu wurin masu gyaran keke.

Ga 'yan kasuwa masu shigo da kekuna, wannan batu na jari ne. Keken da aka ƙera domin kasuwar da mutanenta ba su cika tsawo ba, kamar yawancin na gwanjo da ke fitowa daga Japan, yana iya yi wa dogon mai saye kaɗan, ya dawo da shi ko ya ɓata sunan shago. Kafin a yi odar kaya, ya dace a nemi lambobi huɗu daga mai sayarwa: iyakar nisan sirdi zuwa feda, nisan sirdi zuwa kan keke, iyakar nauyi, da lambar taya. A na gwanjo kuma a duba gaɓar naɗewa da bakin firam inda ƙarfen sirdi ke shiga, ko akwai tsaga ko alamar walda, a kuma kulle keken a girgiza shi a ji ko gaɓar tana motsi. Ajiye tef ɗin awo da 'yan dogayen ƙarafan sirdi a shago ƙaramin kashe kuɗi ne da kan hana ciniki tsinkewa.

Shi kuwa mai saye, bayan duk wannan lissafi, gani ya kori ji. Ya ɗaga sirdi zuwa awonsa ya tabbatar layin yana ciki, ya hau na kamar minti goma, ya yi kwana hagu da dama, ya taka birki da ƙarfi, sa'an nan ya naɗe keken ya ɗauka ya ji ko zai iya hawa bene da shi. Idan kuma yana da niyyar shiga jirgin ƙasa ko bas da shi, ya fara tambayar ƙa'idar masu abin hawan. Keken da ya ci wannan jarrabawa, ko da ya fi tsada, shi ne wanda Hausawa ke nufi da suka ce sayen nagari mai da kuɗi gida.