Kuɗin Asibiti A Illela: Farashin Kaka Da Farashin Damina

Duk wanda ya taɓa tsayawa a karar Illela ranar Lahadi ya san mutanen garin nan ba a koya musu ciniki. Mai sayen rago zai buɗe masa baki ya duba haƙora, ya danna gadon baya ya ji kitse, ya san la'adar dillali tun kafin a sallama. Ɗan canji zai mayar da sefa naira da ka, kafin baƙon da ya tsallako daga Ƙonni ya gama zaro wayarsa. Amma mutumin nan, ranar da aka kwantar da matarsa a asibiti, aka miƙo masa 'yar takarda aka ce ya je ya biya, biya yake yi ba tambaya. Ciwo ya ƙwace masa makamai biyu da ɗan kasuwa ke taƙama da su, wato lokaci da ikon juya baya ya yi tafiyarsa. A ranar ne ake kai tunkiya kasuwa a sayar yadda mai saye ya ga dama, a fasa rumbu, a jinginar da gona. Manomi ya san buhun geron da ake saya da kaka daban yake da wanda ake saya a tsakiyar damina, ko da gero ɗaya ne a ciki. Ni a ganina haka kuɗin magani yake. Wanda ya jira ranar ciwo farashin damina yake biya, kuma mafi yawanmu a haka muke.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun daɗe suna nuna cewa sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata suke fitowa kai tsaye, kuma ƙasashen da suka kai wannan matsayi kaɗan ne a duniya. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin lafiya, amma gwamnatin tarayya ba ta cika wannan alkawari ba. Sai ga shekarar 2023 ta zo da cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira, kamfanin magunguna na GSK ya daina harkarsa kai tsaye a ƙasar, farashin magani ya yi tashin gwauron zabi. Mutumin Kalmalo ko Araba yana jin wannan sau biyu, a kemis da kuma a tasha, domin ciwon da ya fi ƙarfin Babban Asibitin Illela sai an bi ta Gwadabawa da Kware zuwa Sakkwato, ko dai Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Mataki na farko bai buƙatar inshora ko kaɗan, sanin abin da ake biya ne kawai. Abin da muke dunƙulewa mu kira kuɗin asibiti kashi-kashi ne: akwai kuɗin kati, da na gwajin jini ko fitsari, da na hoto, da na gado, da na magani, da na kayan aiki irin su safar hannu, sirinji da ledar ƙarin ruwa, sannan na tiyata idan ta kama. Ko jinin da ɗan'uwa ya bayar kyauta, akan biya kuɗin leda da na tantance shi. A bisa wannan akwai kuɗin da ba ya hawa kowace takarda, wato mota, abincin mai jinya, da kwanakin da mai gida ya yi bai fita nema ba. Majinyaci yana da haƙƙin a rarrabe masa waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Kundin haƙƙoƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya tanadi a bayyana wa mara lafiya kuɗin da za a caje shi ba ɓoye-ɓoye. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma, a sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ƙin duba wanda ke cikin halin gaggawa bisa kowane dalili, har ta sa tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa. Saboda haka ba rashin kunya ba ne mutum ya ce, "Likita, nawa ne wannan gwajin, kuma dole ne a yi shi yau?" ko ya tambaya ko akwai magani mai sinadari iri ɗaya da ya fi sauƙin kuɗi. A biya a wurin mai karɓar kuɗi, a karɓi rasit, a adana shi tare da katin. A kuma san abin da ba na sayarwa ba ne a asibitin gwamnati: rigakafin yara, maganin tarin fuka, maganin cutar ƙanjamau, da maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba ƙananan yara da damina. Wanda bai sani ba, idan an caje shi biya zai yi har da godiya.

Sai dai tambaya da rasit rage asara kawai suke yi, ba sa mayar da farashin damina na kaka. Abin da ke yin haka shi ne a tara kuɗin tun ana lafiya, kuma a tara tare da jama'a. Wannan ita ce inshorar lafiya idan an tuɓe mata Turanci: mutum dubu su zuba ɗan abin da ba zai karya kowa ba, wanda ciwo ya faɗa wa a cikinsu a yi masa magani daga asusun. Najeriya ta kafa tsarinta da doka a 1999, ya fara aiki a 2005, amma ya daɗe bai wuce ma'aikatan gwamnatin tarayya ba. A nan ma'aikaci ne da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 ke shiga, kuma yakan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, ƙa'idar da ba a auna ta da gidan Bahaushe mai mata biyu da 'ya'ya goma ba. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta kafa hukumar NHIA, ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu. A Sakkwato hukumar jiha mai suna SOCHEMA ce ke riƙe da wannan aiki. Ta hannunta ne ake rajistar talakawa kyauta da kuɗin Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda dokar 2014 ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, da nufin kowace mazaɓa ta sami cibiyar lafiya ɗaya da ke cin gajiyarsa.

Akwai abu guda cikin yadda tsarin ke tafiya da ya kamata duk mai katin inshora ya riƙe da kyau. Asibitin da ka zaɓa ana biyansa wani kuɗi ƙayyadajje a kanka duk wata, ko ka je ko ba ka je ba. Idan ciwon ya fi ƙarfinsa, zai rubuta maka takardar turawa, a nemo lambar izini, sannan a biya babban asibitin gwargwadon aikin da ya yi. Ke nan mai kati ba almajiri ba ne a bakin ƙofar asibiti, tuni an biya kafin ya iso. Amma wanda ya tsallake ƙaramin asibitinsa ya wuce Sakkwato ba takarda, in ba gaggawa ba ce, yana iya ganin katin bai yi masa rana ba. Haka wanda ya jira sai da ya kwanta sannan ya nemi rajista, domin akan ɗauki lokaci kafin sabon kati ya fara aiki. Kuma ba kowace cuta ke cikin jerin abin da ake ɗauka ba, don haka a nemi jerin a ranar rajista, a sa wanda ya iya karatu ya karanta a gaban kowa.

Ƙorafi na farko da ake yi, kuma ba na wasa ba ne, shi ne na addini. Ana cewa inshora caca ce, kana zuba kuɗi ba ka san abin da za ka samu ba, wasu ma su ce kiran ciwo ne da rashin tawakkali. Malamai sun daɗe da tsefe wannan. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, amma ta taimakekeniya, wadda aka gina a kan gudummawa, ta halatta, kuma a kan wannan tushe aka gina takaful. Jihohin Kano, Katsina da Sakkwato duk sun sa wa hukumominsu sunan taimakekeniya maimakon inshora. Wanda ya zuba shekara ta zagayo bai yi ciwo ba, bai yi asara ba, kuɗinsa ne suka yi wa wata mai naƙuda tiyata. Mu da muka tashi cikin gayya da adashi da gudummawar biki bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Batun tawakkali kuwa, ba a taɓa zargin wanda ya cika rumbunsa da rashin dogara ga Allah ba.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ban ji shi ba. Masu kati a sassan ƙasar nan suna kukan cewa sai a ce musu babu magani, su je kemis su saya, ko a fifita mai kuɗi a hannu a kansu. Yana faruwa, kuma dalilinsa sananne ne. Kuɗin da ake biyan asibiti a kan kowane mutum a tsarin tarayya ya yi shekaru yana naira 750 a wata alhali magani na ninkawa, sai a 2024 aka fara ɗaga shi, a 2025 ya kai kusan ninki biyu. Maƙwabtanmu ma sun ɗanɗana irin wannan. Tun wajajen 2006 Nijar ta mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta, amma jinkirin gwamnati wajen biyan asibitoci ya bar da yawansu ba magani. Abin da na fahimta daga nan shi ne, asusun da ba a zuba masa kuɗi a kan lokaci, kuma masu shi ba sa bin kadinsa, dole ya bushe. Mutum ɗaya da aka ce wa babu magani zai haɗiye ya tafi. Ƙungiyar dillalan kara ko ta direbobi ko ta masu albasa, idan ta yi wa mambobinta ɗari biyar rajista a dunƙule, tana da bakin da za ta je ofishin hukuma ta ajiye rasit ta ce a mayar wa mutanenta kuɗinsu, ko a sauya musu asibiti. Wannan kuma ita ce amsar mai cewa ba shi da albashin da za a cire: ƙungiyoyin nan tuni suna karɓar kuɗin mako ko na ranar kasuwa, manomi kuma zai fi iya biyan na shekara da kaka.

Zaman kan iyaka yana ƙara wa lissafin wani kashi. Mutanen wannan yanki sun daɗe suna tsallakawa Ƙonni, ko su wuce asibitin mishan na Galmi da aka buɗe tun 1950, kamar yadda 'yan Nijar ke zuwa Sakkwato. A 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin asibitocinta da rabi, wanda hakan na iya ƙara jan mutane. Amma katin Najeriya a bakin iyaka yake tsayawa, can sefa za a biya, ita kuwa ta yi wa naira nisa. Iyakar ma ba tabbas gare ta ba: an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya ɗora jinyarsa kacokan a kan tsallaken iyaka ya kamata ya sami asibiti a wannan gefen da ya san tarihin ciwonsa.

Saura wanda ko farashin kaka ba zai iya biya ba. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato ta yi suna wajen biya wa marasa ƙarfi kuɗin magani, kuma a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata matalauta a asibitocin da aka keɓe. Ina ganin attajiran Illela da masu bayar da waƙafi za su iya ɗaukar wani kaso na abin da suke kashewa a kan wanda ya riga ya kwanta, su yi wa zawarawa da marayu rajistar shekara tun suna kan ƙafafunsu. Kuɗin tiyata ɗaya zai iya rajistar mutane da dama. Jerin sunayen kuwa ba wuyar samu zai yi ba, domin limamai da masu unguwanni daga Gidan Hamma zuwa Damba sun san gidajen da ake kwana ba a ɗora tukunya ba.