Idan Bas Mai Shan Man Girki Ta Mutu A Hanya

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu in aka ce mota tana tafiya da man girki, sai mu ɗauka tatsuniya ce. Ni ma haka na ɗauka, sai da karatu ya kai ni ƙasar Jamus, inda na shiga wata tsohuwar bas ta ɗalibai wadda abincinta shi ne man da gidajen abinci suka gama soya dankali da shi. Mun taso daga Hamburg za mu Berlin, tafiyar kusan kilomita 290, cikin tsananin sanyi, ga shi kuwa washegari da safe zan gabatar da takarda a wani taron nazarin harsuna. Da dare ya yi, bas ta mutu mana a hanya. Abin da na koya a daren nan shi nake son bayyana wa mai karatu.

Yadda Motar Take Aiki

Da farko dai, injin dizal kaɗai ke iya shan man girki, na fetur ba ya iyawa. Abin kuma ya daɗe, domin a bikin baje kolin duniya da aka yi a birnin Faris a 1900, an tayar da inji irin wanda Rudolf Diesel ya ƙirƙira da man gyaɗa. Tsofaffin injuna sun fi jure shi a kan na zamani masu aiki da kwamfuta.

Matsalar ita ce kauri. Man girki ya ninka man gas kauri kamar sau goma, kuma duk wanda ya ga yadda manja ke daskarewa a kwalba da hunturu ya san abin da sanyi ke yi masa. Saboda haka ake yi wa irin wannan mota tanki biyu, ƙarami na gas, babba na man girki. Da gas ake tayar da ita. Idan inji ya ɗau zafi, ruwan lagireto kan bi ta wani bututu ya ɗumama man girkin har wajen digiri 70 a ma'aunin salshiyos, ya tsinke, sannan direba ya murɗa makunni ya juya zuwa gare shi. Kafin a kashe mota kuma sai a koma kan gas na 'yan mintoci domin ya wanke hanyar mai.

Abin Da Ya Same Mu

Mun yi nisa sai ƙarfin motar ya fara raguwa. Direba ya taka totur amma ta ƙi ja, ta yi ta shaƙewa kamar mai tari. Kafin ya juya zuwa gas ta riga ta mutu, da ƙyar ya gangara da ita gefen titi. Ya kunna fitilun gargaɗi, ya kafa alamar nan mai kusurwa uku can baya, ya ce mu fito mu tsaya bayan shingen ƙarfe. Ni dai hankalina ya tashi, ina tunanin takardata, yatsuna kuwa sun ƙage. Shi ko gezau. Ya miƙo mini tocila ya ce, "Haska mini nan, filta ce."

Matakan Bincike

Daga baya ya bayyana mini cewa akwai abubuwa huɗu da yake dubawa bi da bi.

Na farko, filta, wato matatar mai. Man da aka yi suya da shi yana ɗauke da ɓurɓushin abinci da kitse, su ne ke toshe ta. Alamarta ita ce raguwar ƙarfi sannu a hankali, musamman in an ƙara gudu. Da ya kwance tamu, sai ga ta cike da wani abu kamar kakiɗe.

Na biyu, iska. Da zarar an kwance filta, ko tiyo ya tsage, iska kan shiga hanyar mai, injin dizal kuwa ba ya tashi da iska a cikinsa. Don haka ya cika sabuwar filtar da gas kafin ya ɗaura, ya sassauta wani ƙaramin noti, ya yi ta danna famfon hannu har kumfa ta daina fitowa, sannan ya ɗaure.

Na uku, zafi. Yakan taɓa bututun da ke ɗumama mai. Idan ya ji shi da sanyi alhali inji ya yi zafi, to man bai tsinke ba ke nan, dole a zauna kan gas.

Na huɗu, ruwa. Mai da ruwa a cikinsa yana lalata famfon inji da nozul, gyaransu kuwa sai gareji. Gwajinsa mai sauƙi ne, kuma kowace mai tuyar ƙosai ta san shi: a ɗiga man a kan kasko mai zafi, in ya yi tartsatsi akwai ruwa. Shi ya sa ake ajiye mai ya kwanta na kwanaki, a tace shi, tun kafin ya shiga tanki.

Bayan kamar minti arba'in, direba ya murɗa makulli, a karo na uku bas ta tashi. Da gas muka ƙarasa Berlin, na kuma gabatar da takardata da idanu jajur.

Kammalawa

Da na tambaye shi abin da ya jawo, bai ɓoye ba. Ya ce gaggawa ta sa ya zuba man da bai gama kwanciya ba. Abin da ya cece mu shi ne ya cika tankin gas kafin mu tashi, kuma yana da filta biyu da sifana da tocila a ƙarƙashin kujera. Rigakafi dai ya fi magani. Duk wanda zai shiga irin wannan mota, ina ba shi shawara ya tambayi direba ko tankin gas a cike yake, ya kuma nemi a nuna masa filtar ko-ta-kwana da idonsa kafin ya ɗora jakarsa.