Kafin Gara da Funfuna Su Cinye Tsofaffin Kaset

A shekarar 2013 gidan talabijin na BBC ya sanar da cewa an gano kashi 9 na shirin Doctor Who waɗanda aka daɗe da fid da rai da su. Gidan da kansa ya salwantar da su tun a shekarun 1960 da 1970, lokacin da zaren ɗauka ke da tsada, ana goge tsohon shiri a ɗora sabo a kansa. Ba a Landan aka tsinto su ba. A Jos aka same su, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin: kwafin da aka aiko Najeriya, aka nuna, aka jibge, aka manta. Wani Bature mai suna Philip Morris, wanda aikinsa ke nan bin sawun ɓatattun shirye-shirye, shi ya yi kiciɓis da su.

Namu ma ya taɓa yin irin wannan ɓatan dabo. Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi shekaru ana jin sunansa ba a ganinsa. Sai a 2016 aka gano ainihin zarensa a ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta wanke shi ta gyara, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Sa'arsa ɗaya, a kan zaren majigi aka ɗauke shi, wanda in ya sami ajiya mai kyau yakan daɗe ƙwarai. Fina-finan da mafi yawanmu muka tashi muna kallo ba su da wannan gata. A kan kaset aka haife su, kaset kuwa ba ya tsufa da daɗi. Masana harkar ajiya suna ƙiyasta wa zaren maganaɗisu shekara 10 zuwa 30, gwargwadon inda aka ajiye shi. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, kuma ake ɗauka a matsayin mafarin kasuwar fim ɗin Hausa na bidiyo, ya riga ya haura wannan wa'adi. Sangaya da Wasila suna kan gaɓa.

Saboda haka wanda ke tara tsofaffin fina-finai a ƙasar Hausa bai yi daidai da takwaransa na Amurka ba. Can, mai tara faya-fayen Hitchcock sha'awa ce kawai ke jansa, don ko bai saya ba akwai kamfani da ɗakin ajiya na gwamnati da ke riƙe da asali. Su ma ɗin ba su tsira ba: wani bincike da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finansu na zamanin da babu murya sun ɓace gaba ɗaya. Indiya, da ta kafa ɗakin ajiyar fina-finai a Pune tun 1964, har yau ba ta da Alam Ara na 1931, fim ɗinta na farko mai magana. To, ina ga masana'antar da furodusa ke ajiye mastarsa a ƙarƙashin gado, ya yi ƙaura sau uku, ko ya rasu magada su raba kaya ba wanda ya san amfanin wannan baƙin akwatin roba? Yana yiwuwa ƙwarai kaset ɗin da ke cikin kwabar mahaifiyarka shi ne kwafi mafi kyau da ya rage a duniya na wani fim ɗin Ibro, ko na Ahmad S. Nuhu, ko na Balaraba Muhammad, Allah Ya ji ƙansu.

Tarihin na'urorin gajere ne. Kamfanin Sony ya fito da Betamax a 1975, JVC ya biyo da VHS a 1976, VHS ya cinye kasuwa. Faifan VCD ya zo a 1993, DVD a 1996, Blu-ray a 2006. Da bidiyo ta shiga gidajen Hausawa, matan aure da ba sa zuwa gidajen silima irin su Plaza ko Marhaba ko El Dorado suka sami silima a tsakar ɗaki, kuma da kuɗin cefanensu kasuwar fim ta Ƙofar Wambai ta tsaya da ƙafarta. Daga baya faifai ya kori kaset, sannan masu tura fim a waya da YouTube suka kori faifai. A kowane juyi sai an zubar da kaya. Shagunan hayar kaset da suka rufe, buhu-buhu aka riƙa fitarwa, yara suna zare zaren suna ɗaurawa a keke, manoma suna kewaye gona da shi don korar tsuntsaye.

Wani zai ce ai komai yana intanet. Ba komai ba ne, kuma abin da ke can ɗin a duba shi da kyau. Sau da yawa an yanke farkon fim inda sunayen ma'aikata suke, an manna tambarin tasha a kusurwa, lambar waya tana yawo a ƙasan hoto, an datse waƙa don gudun ƙarar haƙƙin mallaka, kashi na biyu kuma babu shi. Ranar da aka rufe tashar, shi ke nan. Abin da ke hannunka ne naka.

Sai dai tarawa ba kwashe-kwashe ba ce. Mai idon sani yana bambance kwafi da kwafi. Kaset ɗin da aka buga kai tsaye daga masta ya fi wanda aka kwafa daga kwafi, domin a bidiyo duk kwafin da aka yi sai hoto ya ragu, launi ya zube, murya ta dusashe. Kaset na asali mai kwalinsa, da fosta, da sunan kamfani da na dillali, ya fi goma marasa riga. A faifai kuma, wanda aka buga a masana'anta, mai bayan azurfa, ya fi daɗewa a kan wanda aka ƙona a kwamfuta, mai bayan shuɗi ko shunayya, don shi wannan rini ne ke riƙe da bayanansa, rini kuwa zafi da hasken rana suna kashe shi. Faifan nan na "ashirin a ɗaya" da ake tallarsa a baro, ba abin ajiya ba ne. DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabayit 4.7, wato daidai fim guda mai kyau. Idan aka cusa masa ashirin, kowanne an matse shi har fuskar jarumi ta koma dabbare-dabbare. VCD shi ma ba wani hoton kirki gare shi ba, kuma minti 74 zuwa 80 kaɗai yake ɗauka, shi ya sa fim ɗin Indiya ke zuwa a faifai biyu ko uku. Amma inda VCD ne kaɗai ya rage, a riƙe shi hannu bibbiyu.

Fina-finan Indiya suna da nasu lissafin, kuma ba wanda zai tara tsofaffin fina-finai a nan ya tsallake su, don mu ne mutanen da suka laƙaba wa Dharmendra "Sarkin Ƙarfi", Sanjay Dutt kuma "Ɗan Daba Mai Lasin". Abin lura na farko shi ne faɗin hoto. Sholay na 1975 an yi shi ne don faffaɗan allon silima. Irin waɗannan fina-finai in aka sauko da su kan kaset don talabijin mai kusan murabba'i, sau da yawa akan yanke gefe da gefe, ta yadda wani lokaci jarumai biyu suna magana amma rabin ɗayansu ne a allo. Baƙin layin nan na sama da ƙasa da mutane ke ƙorafi a kai, alama ce ta cewa an ba ka hoton cikakke. Mother India na 1957 kuwa akasin haka ne: hotonsa kusan murabba'i ne tun asali, don haka a talabijin ta zamani ya kamata baƙin ya kasance a dama da hagu. Wanda ya miƙe shi don ya cika allo, ya ƙara wa jarumarsa Nargis ƙibar da ba ta da ita. Haka za a yi da duk fim ɗin Hausa na zamanin kaset.

Sannan fim ɗaya yakan zo da fuska fiye da ɗaya. Mughal-e-Azam na 1960 yawancinsa baƙi da fari ne, a 2004 aka shafa masa launi aka sake fitarwa. Ni dai na farkon nake so, don mai ɗaukar hoto ya tsara haskensa ne da baƙi da fari a zuciya, amma mai ajiya zai so ya mallaki duka biyun. Sholay kansa ƙarshensa biyu ne. A yadda darakta Ramesh Sippy ya ɗauka da fari, Thakur ne ke kashe Gabbar Singh. Hukumar tace fina-finai ta ƙi, aka sake ɗauka 'yan sanda suka zo suka kama Gabbar. Gyararren kwafi mai ƙarshen asali an nuna shi a Bolonya ta Italiya a 2025. Fassarar Hausa irin ta kamfanin Algaita kuwa aba ce mai zaman kanta, da barkwancinta da karin maganarta, ta cancanci a ajiye ta, amma kada a ɗauke ta a madadin asali. Mai sayen faifai daga waje ya kuma san cewa DVD yana da shiyya: Amurka ta 1, Turai ta 2, Najeriya da Nijar da Indiya ta 5. Wannan bai cika damunmu ba, don yawancin na'urorin da ke kasuwanninmu ba sa tambayar fasfo.

Yanayinmu ba ya tausayin kaset. Bazara ta gasa shi, damina ta jiƙa shi, hunturu ya cika shi da ƙura, gara ta bi kwalin. Ɗaga kaset ka duba ta tagar robar nan: in ka ga fari-fari a kan naɗin zaren kamar an barbaɗa gari, funfuna ce. Kada ka sa shi a bidiyo. Zai ɓata hed, hed ɗin kuma ya shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. A ware shi gefe har a sami mai gyara ya buɗe ya goge a hankali. Masu lafiya a mayar da zarensu farko, a sa su a kwali, a jera su a tsaye, ba a kwance an ɗora wani kan wani ba, a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi, nesa da bangon da rana ke duka, sama da ƙasa, nesa kuma da lasifika, don maganaɗisun da ke cikinta yana iya taɓa abin da aka naɗa. Akwai wani ɗan harshe na roba a bayan kaset. A ɓalle shi, ta haka ba mai iya ɗaukar bikin suna a kan fim ɗin Gimbiya Fatima bisa kuskure. Faifai kuma a riƙe shi ta baki, a goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa waje a miƙe, ba a zagaye ba. CD ya fi rauni ta saman da ake rubutu, nan bayanan suke dab da fata, don haka biro ba ta hau shi.

Tsarawa ita ce inda aka fi kasala, alhali littafin makaranta mai shafi 80 ya isa. Kowane kaset a ba shi lamba, a rubuta a jikinsa da cikin littafi, tare da sunan fim, shekara, kamfani, darakta, marubuci, manyan 'yan wasa, mawaƙa, kashi nawa ne, da halin da kwafin yake ciki. Mawaƙa da masu kiɗan fiyano su aka fi mantawa, su kuwa suka sayar da fina-finai da yawa. Shekara takan ba da wahala, don kwalaye da dama ba su ɗauke da ita. Tsofaffin kofen mujallar Fim, wadda ta fara fita a 1999, da Tauraruwa, suna taimakawa, haka ma rubuce-rubucen Farfesa Abdalla Uba Adamu. Wasu suna jerawa bisa jarumi, abin da ya fi sauƙi ga mai neman kallo. Na fi ganin amfanin jerawa bisa shekara, don a nan ne ido ke ganin yadda abu ya sauya: daga wasan daɓe irin na su Samanja da Ƙasimu Yero, zuwa labaran littattafan soyayya irin In Da So Da Ƙauna, zuwa ranar da rawa da waƙa suka mamaye komai. Littafin aro ma dole ne. Aro ya hallaka kaset fiye da gara.

Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an kalle ta da idon zamaninta. Wanda ya zauna gaban fim ɗin 1995 yana neman hoton Netflix zai tashi da dariya kawai. A kalli abin da kyamarar ta kama ba da niyya ba: titunan Kano kafin gadojin sama, motar haya da acaɓa, ɗaurin ɗankwali na lokacin, jeren kwalla da samira a ɗakin amarya, gaisuwar da yaro ke yi wa babba, Hausar da ba a cakuɗa ba. A kalla tare da wanda ya ga zamanin, a tsayar da fim in ya fara ba da labari, a rubuta sunayen da ya gane.

Duk kulawar da za a yi, zare zai mutu, saboda haka a juye shi zuwa kwamfuta tun yana motsi. Ana sayar da 'yar na'ura mai shiga kwamfuta ta USB, ɗaya gefen kuma ta karɓi wayoyin nan uku, rawaya na hoto, ja da fari na murya. Fim ɗin awa biyu awa biyu zai ci, babu gajeriyar hanya. A ɗauka tun daga tallar farko har sunan ƙarshe, ba yanka, ba tambari, a kuma ɗauki hoton kwalin gaba da baya. A yi kwafi uku, ɗaya a ajiye a wani gida dabam, don memori da filas suna mutuwa ba sallama. Kaset ɗin kuma ba a yar da shi bayan an juye. Game da ɗorawa a intanet, fim yana da mai shi. A nemi furodusa ko magadansa, a ba su kwafi, a nemi izini. Sau da yawa za ka tarar su kansu ba su da shi.

Abin da zai fi saurin ƙarewa ma ba kaset ba ne, na'urar kunna shi ce. Funai na Japan, kamfani na ƙarshe da aka sani yana ƙera bidiyon VHS, ya daina a 2016. Abin da ya rage sai na hannu, a wurin 'yan gwanjo da shagunan tsofaffin masu gyaran rediyo. In ka sami mai aiki, gwada ta da kaset ɗin da ba ka jin asararsa, don wadda bel ɗinta ya saki tana tauna zare. In ka sami biyu iri ɗaya, sayi duka, ta biyun ta zama ta cire kayan gyara.