Daga Ibadan Zuwa Bayan Loko: Yadda Aka Koyi Aikin Laburare

Aikin laburare sana'a ce da ake shiga aji a koya, kuma a Nijeriya hannayen ƙasashe da yawa ne suka haɗu wajen kafa makarantunta. Ma'aikacin da ke zaune a laburaren Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, kusa da Kafanchan, yana buga hatimi, yana manna lamba a gefen littafi kafin ya ɗora shi a kanta, tsarin da yake bi ya yi doguwar tafiya kafin ya iso kudancin Kaduna.

A zamanin Turawa, mai son takardar shaidar wannan aiki sai ya rubuta jarrabawar ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Birtaniya. A 1953 hukumar UNESCO ta kira taro a Ibadan kan laburaren jama'a a Afirka. Gidauniyar Carnegie ta Amurka ta turo Harold Lancour a 1957 ya duba halin da ake ciki, sannan ta ba da kuɗin da aka buɗe cibiyar koyarwa a Ibadan a 1960, ƙarƙashin John Harris, mutumin Niyu Zilan.

Labarin Arewa kuwa daga can wata uwa duniya ya ɓullo. F. A. Sharr, shugaban laburaren Jihar Yammacin Ostireliya, shi aka aro ƙarƙashin wani shirin taimako na ƙasashe rainon Ingila, ya zo ya nazarci bukatun Arewa, ya miƙa rahoto a 1963. Zaɓen ya dace ƙwarai. Jihar da ya fito ƙasa ce mai faɗin gaske, garuruwanta a warwatse, kuma aikinsa na kullum shi ne kai littattafai ƙananan garuruwa masu nisa da birni. Mutum ne da ya san wahalar nisa. Ya ba da shawarar Arewa ta sami makarantarta, kuma a 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe sashen koyar da aikin laburare.

Nan aka sha muhawara. Ibadan ta tsaya a kan cewa sai mai digiri zai shigo ya ƙware, domin a samu shugabanni. Zariya ta buɗe ƙofa da difloma da digirin farko, domin a samu ma'aikata da yawa, a kuma samu da wuri. Ga yankin da makarantunsa da kwalejojinsa ke ƙaruwa kowace shekara, hanyar Zariya ce ta fi biyan bukata, ita ce kuma jami'o'in baya suka bi, ciki har da Jami'ar Bayero ta Kano a 1977. Ronald Benge, Baturen Ingila da ya taɓa jagorantar makarantar laburare a Gana, ya shugabanci sashen na Zariya a shekarun 1970, kuma ya yi rubutu mai zafi kan illar kwaso tsarin Turai ɗungurungum a dasa a Afirka.

Misalin abin da yake nufi yana nan a kan kanta. Tsarin lambobin Dewey, wanda Melvil Dewey ya fitar a Amurka a 1876, ya ba Ingilishi lamba 420 zuwa 429, Jamusanci 430, Faransanci 440. Kowanne da ɗakinsa, har da zaure. Hausa tana raɓe a ƙarƙashin 493. Tyap, da Jju, da Hyam, da sauran harsunan kudancin Kaduna, tare da ɗaruruwan harsunan Afirka, duk an cusa su a lamba ɗaya, 496. Lamba ɗaya tak. Ɗalibin da ya koyi tsarin a Zariya ya koma Zonkwa ko Kagoro, dole ya yi dabarar da littafin koyarwa bai tanada ba, musamman da yake tarihin garuruwan nan mafi yawansa a bakin dattawa yake.

Da kwamfuta ta shigo, haɗin gwiwar ya sake salo. Gidauniyar MacArthur ta tallafa wa jami'o'in Zariya da Kano, Cibiyar Mortenson ta Jami'ar Illinois kuma ta horar da ma'aikatan laburarensu kan mayar da katunan littattafai cikin kwamfuta. A Kafanchan kanta, Gidauniyar Fantsuam da aka kafa a 1996 ta zauna a unguwar Bayan Loko, ta koyar da matasa aikin kwamfuta, sannan da tallafin hukumar IDRC ta Kanada ta kafa Zittnet, hanyar intanet mara waya, tana haɗawa da hasken rana saboda ƙarancin wutar lantarki.

Sauran a taƙaice. Tun 1995 doka ta kafa hukumar rajistar ma'aikatan laburare ta ƙasa. A 2022 kuma aka buɗe Wikipedia da harshen Tyap, wadda 'yan sa-kai masu jin harshen ke rubutawa.