Konakiri 1970: Farashin da Gini ta biya don 'yancin maƙwabciyarta

Da tsakar daren 22 ga Nuwamba, 1970, jiragen ruwan yaƙi suka sauke ɗaruruwan dakaru a gaɓar tekun Konakiri, babban birnin ƙasar Gini. Sojojin Fotugal ne tare da wasu 'yan adawar Gini masu gudun hijira. Laifin birnin a wurinsu shi ne masaukin da ya bai wa PAIGC, jam'iyyar da ke yaƙin ƙwato Gini Bisau daga mulkin mallaka.

Gini ta sami 'yanci ranar 2 ga Oktoba, 1958, bayan ta yi fatali da tayin Janar de Gaulle na ci gaba da zama ƙarƙashin inuwar Faransa. Faransawa suka janye ma'aikatansu da tallafinsu, suka bar ta da hannu rabbana. Duk da wannan ƙunci, a 1960 Shugaba Ahmed Seku Ture ya amince Amilkar Kabral ya kafa hedikwatar PAIGC a Konakiri.

Da yaƙi ya ɓarke a Janairun 1963, Gini ta zama jingina ga mayaƙan. Ta tashar jiragen ruwanta makaman Tarayyar Sobiyet ke shigowa. A garin Boke aka yi asibitin jinyar masu rauni, a Konakiri kuma makarantar 'ya'yan mayaƙa da gidan rediyon jam'iyyar.

Maharan na 1970 sun kuɓutar da fursunonin yaƙi 26 'yan Fotugal, amma ba su sami Kabral ba domin yana ƙasar waje, gwamnati kuma ba ta faɗi ba. A watan Disamba Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi Allah wadai da Fotugal, ministocin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka kuma suka yi zaman gaggawa a Legas domin mara wa Gini baya.

Sai dai 'yan Gini sun biya kuɗin wannan zumunci sau biyu. Seku Ture ya fake da harin ya kame dubban mutane bisa zargin cin amanar ƙasa, cikinsu har da ministoci da manyan ma'aikata. An rataye wasu a bainar jama'a a Janairun 1971, da dama kuma suka mutu a kurkukun Kam Boiro. Shi kansa Kabral a Konakiri aka harbe shi ranar 20 ga Janairu, 1973, a hannun wasu 'yan jam'iyyarsa.

Duk da haka PAIGC ta ayyana 'yanci ranar 24 ga Satumba, 1973, Fotugal ta amince a Satumban 1974. Da wuya a kai ga wannan rana ba don iyakar da Gini ta bari a buɗe ba. Tarihi ya rubuta wa Seku Ture wannan alheri, kamar yadda bai manta da waɗanda suka shiga Kam Boiro ba su fito ba.