ƘOFAR WUTA A MOTOCIN LANTARKI: ABIN DA YA KAMATA MAI GYARA YA SANI

Tun daga shekarar 1997, sa'ad da kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya fito da motar Prius wadda ke aiki da mai da lantarki gaba ɗaya, aikin gyaran mota ya shiga wani sabon zamani. A 2010 kuma Nissan ya fito da Leaf, wadda ba ta shan mai ko ɗigo. Mai gyara na Maraɗi ko Damagaram ya saba da batir mai ƙarfin bolt 12, wanda ake kama bakinsa da hannu ba abin da ya faru. To, babban batirin Prius ta 2004 bolt 201 ne da ƴan kai, na Leaf kuwa wajen 360. A ƙa'idar da ƙasashe suka shimfiɗa wa masu ƙera motoci, wutar batir da ta wuce bolt 60 babbar wuta ce, ana yi mata tanadi na musamman domin tana iya kisa.

MECE CE KWANTAKTAR?

Tsakanin wannan batir da sauran jikin mota akwai wata ƙofa da ake kira kwantaktar. Makulli ne wanda ba hannu ke murɗa shi ba. A cikinsa akwai naɗin waya, watau bobin. Idan kwamfutar mota ta aika masa da wutar bolt 12, sai ya zama maganaɗisu, ya jawo bakin ƙarfe ya haɗa shi da ɗan'uwansa, babbar wuta ta wuce. Idan aka ɗauke ƙaramar wutar, sai bakunan su rabu.

A Prius ta 2004 ƙofofin uku ne: ɗaya a wayar ƙari, ɗaya a wayar ragi, ta ukun kuwa ita ce mai share fage. Dalilinta shi ne, a cikin na'urar da ke juya wa injin wuta akwai wani rumbu, kwandansatar, wanda idan ya wofinta yakan zuƙi wuta mai yawa a lokaci guda. Saboda haka sai a fara haɗa ta ragi da mai share fage, wuta ta bi ta cikin rezistans a hankali har rumbun ya cika, sannan a haɗa babbar, a saki ƙaramar. Duk wannan kafin ƙiftawa da bismilla. Motocin da ake yi wa cajin gaggawa kuwa galibi suna da ƙarin ƙofofi biyu, waɗanda ke haɗa bakin caji da batir kai tsaye.

LALACEWA IRI BIYU

Ƙofa takan ƙi haɗuwa, ko kuwa ta ƙi rabuwa. Idan ta ƙi haɗuwa, mota ba ta tashi ko ba ta karɓar caji. Wannan asarar lokaci ce kawai. Ta biyun ita ce abin tsoro: tartsatsi ya narkar da bakunan ƙarfen, su manne kamar an yi musu walda. Mai gyara ya kashe mota, ya zare makulli, yana zaton wuta ta ɗauke, alhali ƙofar nan tana haɗe. Abin da ya sa ake sa ƙofofi biyu ke nan, domin idan ɗaya ta manne, ɗayar ta tsare. Amma idan aka ci gaba da tuƙi a haka, saura mai gadi ɗaya.

Wannan ba zance ba ne na shaci-faɗi. A watan Yuni na 2022 kamfanin Ford ya yi kiran motocinsa Mustang Mach-E kusan 49,000 a Amurka, domin cajin gaggawa da yawan take totur har ƙasa suna zafafa ƙofofin, su manne ko su ƙi haɗuwa. Da farko an gyara umurnin kwamfuta, a 2023 kuma aka koma sauya akwatin ƙofofin ɗungurungum a wasu daga cikinsu. Mu da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, akwai abin lura a nan.

YADDA AKE BIN SAWU

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga alamar kwantaktar a garzaya a sayo sabuwa. Sau da yawa ba ita ce mai laifi ba, ƴar aike ce. Bincike daga ƙasa yake farawa.

Na farko, a auna ƙaramin batir na bolt 12. Idan ya yi rauni, bobin ba ya samun ƙarfin jan ƙarfe, babban batir kuwa ko a cike yake ba zai fito da komi ba.

Na biyu, a sa na'urar bincike a karanta lambobin da kwamfuta ta ajiye. P0AA1 na nufin ƙofar ƙari ta manne, P0AA4 ta ragi ce ta manne, P0AA6 kuwa wuta ce ke yoyo zuwa gangar mota. A wannan hali na ƙarshe kwamfuta da gangan take hana ƙofa haɗuwa, don ta tsare ran mai mota. Haka ma idan wata mahaɗa ta babbar wuta ba ta zauna daidai ba.

Na uku, a duba fis da wayoyin da ke kai umurni ga bobin, a kuma kasa kunne: lafiyayyar ƙofa tana yin ƙara ƙwas idan an tada mota.

Sai bayan duk wannan ake kusantar wayoyi masu launin lemo, waɗanda su ne na babbar wuta. A sa safar hannu ta roba mai jure bolt 1,000, a zare fulogin tsaro na batir, a saka shi a aljihu don kada wani ya mayar, a dakata minti 10 rumbu ya huce, sannan a auna a tabbata wuta ta sauka. Daga nan a gwada bakunan ƙofa: idan na'ura ta nuna a haɗe suke alhali ba wuta a bobin, to sun manne.

Ko an same ta a manne, aiki bai ƙare ba. Dole a auna rezistans mai share fage, domin idan shi ne ya ƙone, sabuwar ƙofar ma haka za ta bi sawun tsohuwar. Kuma ba a kankare bakin da ya narke a mayar, sauya shi ake yi.

Muna kira ga shugabannin makarantun koyon sana'a da su shigar da wannan darasi cikin tsarin karatunsu, masu garaji kuma su tanadi safar hannu da na'urar awo tun kafin irin wannan mota ta tsaya a ƙofarsu. Yaron da bai samu horo ba, kada maigidansa ya bari ya taɓa waya mai launin lemo.