Ciwon Gadon Baya Da Aikin Masu Gashin Ƙashi

Ruwa ya zauna, noman firi ya kankama, yanzu ne manomi ke wuni a duƙe bisa fartanya. In ya miƙe da yamma sai ya ji tsakanin kafaɗunsa ya ƙage, wani ma in ya ja numfashi sai ya ji suka a haƙarƙari. Malamin ofis mai wuni sunkuye a tebur, da ɗan kasuwa mai ɗaga buhuna, su ma sun san wannan ciwo. Abin da aka saba shi ne mutum ya kwanta rub da ciki, a kira yaro ya hau ya tattaka masa. Sau da yawa a kan ji sauƙi. Amma fa akwai bayan da in an taka shi, mai shi ba zai ƙara takawa da ƙafarsa ba.

Ƙashin baya ba sanda guda ba ne, ƙananan ƙasusuwa ne a jere kamar gaɓoɓin kara: 7 a wuya, 5 a ƙugu, 12 a tsakani, watau gadon baya. Kowane cikin 12 ɗin nan yana riƙe da haƙarƙari biyu, dama da hagu, shi ya sa wurin ba ya lanƙwasuwa kamar wuya, in kuwa ya sandare har numfashi ya kan taɓa. Ta cikin ƙasusuwan nan laka ta bi, ita ce mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu.

A manyan asibitoci akwai sashen gashin ƙashi, inda ake gyaran irin wannan ciwo da hannu. Ma'aikacin ba ya fara dannawa sai ya yi tambaya, ya duba, ya sa mutum ya juya dama da hagu, ya lalubi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya har ya gane wadda ta ƙage. Sa'an nan ya ɗora tafin hannu a kanta, ya danna a hankali ya saki, ya danna ya saki. Wani mutumin Ostireliya, Geoffrey Maitland, wanda ya fitar da littafi a kan wannan aiki a 1964, ya kasa dannawar hawa huɗu, daga mai sauƙi ta rage zafi zuwa mai zurfi ta sassauta gaɓa. Akwai kuma dannawa guda mai sauri, wadda a kan ji baya ya yi ƙas. Mutane na son wannan ƙara, suna cewa ƙashi ya koma mazauninsa. Ba haka ba ne. Iska ce cikin ruwan gaɓa, irin ta wanda ya lanƙwasa yatsu, ba wani ƙashi da ya goce tun farko.

Sauƙin da a kan samu na gaske ne, har mai ciwon wuya ya kan amfana da dannar gadon baya. Sai dai ba ya daɗewa shi kaɗai. Abin da ke riƙe shi shi ne motsa jikin da a kan koya wa mutum ya yi a gida, kamar ya riƙe sanda bisa kafaɗu yana juyawa, ko ya riƙa miƙewa yana banƙarewa in ya kai ƙarshen kunya. Nan ne yawancin mutane ke kasawa, da sun ji dama sai su bari.

To, me ya sa ake yawan tambaya kafin a danna? Saboda tarin fuka. Cutar nan ba huhu kaɗai take ci ba, ta kan shiga ƙashin baya, gadon baya kuwa na cikin wuraren da ta fi kamawa. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana ta tun 1779. Ta kan cinye ƙashin ta ciki kamar yadda gara ke cin azara, har ya rufta, doro ya fito, laka ta matsu, ƙafafu su mutu. Mai ita ba lalle ne ya yi tari ba. Alamunta su ne ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, da nauyin ƙafafu. In har fitsari ya soma kuɓucewa ko ya ƙi fita, maganar asibiti ce a ran nan, ba sai an gama maimai ba. Haka kuma ba a danna bayan wanda ya faɗo daga itace ko babur sai an ɗauki hoto, ko na tsohuwar da ƙashinta ya yi rauni.

Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Nijeriya, amma na ƙashi sai an jure shansa wata da watanni. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, yana karɓar masu irin wannan lalura. Masu shanu kuma su sani akwai irin tarin fukar da ake ɗauka daga madarar saniya mai cutar, tafasa madara kuwa tana kashe ta.